Shin ni na danne ɗana?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Mabera, nan Sakkwato, shekaruna 24. Cikina na fari ya kai wata takwas sai motsi ya tsaya, na haifi ɗiya mace ba rai. Na biyu namiji ne, lafiyayye, har ya fara dariya. Yana da wata uku, cikin hunturun da ya wuce, na ba shi nono wajen ƙarfe biyun dare, na kwantar da shi rub da ciki a gefena kamar yadda aka koya mini saboda ciwon ciki, na lulluɓe shi da bargo, ga kaskon garwashi a ɗaki don sanyi. Da na tashi sallar asuba na tarar ya koma. Bai yi zazzaɓi ba, ban ji kukansa ba. Uwar mijina ta ce nauyin barcina ne, danne shi na yi. Wasu a gidan na cewa wabi gare ni. Yanzu ina da ciki wata shida, barci ya gagare ni. Don Allah ki gaya mini gaskiya: ni na kashe shi? Wannan ma haka zai tafi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa su biyun masu ceto ne a gare ki, Ya sauke ki lafiya. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin na iya fara amsa. Kin ce in gaya miki gaskiya, ita zan gaya miki, har da wadda ba ta da daɗin ji.

Ba ki kashe ɗanki ba. Macen da ta tashi tsakar dare cikin sanyin Sakkwato ta shayar da ɗanta, ta rufe shi don kada iska ta buge shi, ta kwantar da shi yadda manyanta suka koya mata, ba mai kiranta mai kisa sai wanda baƙin ciki ya rufe wa ido. Uwar mijinki ba ta cikin ɗakin a daren nan. Zato ta yi cikin zafin rashin jika, zaton kuma ya faɗa kanki don ke ce kusa.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin jarirai, labarinki ba baƙo ba ne a kunnena. Da asuba ake zuwa da su, a rungume cikin zane, uwa na ta maimaita "jiya fa lafiya lau ya kwanta". Irin wannan mutuwa tana da suna a likitance tun 1969, lokacin da likitoci suka taru a Amurka suka fara kiranta SIDS a taƙaice: mutuwar fuju'a ta jaririn da bai cika shekara ba, galibi cikin barci, wadda bincike ya kasa gano dalilinta. Ta fi ɗaukar 'yan wata biyu zuwa huɗu. Kusan kashi 90 cikin 100 tana faruwa kafin wata shida, ta fi yawa ga maza, ta kuma fi yawa lokacin sanyi. To ki dubi naki: namiji, wata uku, hunturu, tsakar dare. Tana faruwa a Ingila da Amurka, a gidajen da jariri ke kwana a gadonsa shi kaɗai, babu ma wanda zai danne shi.

Sa hannunki a ƙeyarki, inda kai ya haɗu da wuya. Can ciki, wurin da ƙwaƙwalwa ke sirancewa ta zama laka, akwai ɗan sashen da ake kira gindin ƙwaƙwalwa. Shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da farkawa daga barci. Tunda kika fara karanta amsar nan ba ki umarci ƙirjinki ya tashi ya sauka ba, in kin kwanta kuma ba kya barin wa kowa sallahun ya riƙa yi miki numfashi. A 1991 Jack Feldman da abokan aikinsa a Amurka suka gano ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da ke tafiyar da wannan lugude, shaƙa a fitar, shaƙa a fitar, suka sa masa suna pre-Bötzinger. Kusa da shi akwai wasu ƙwayoyin da aikinsu gadi ne, dare da rana suna ɗanɗana jini. Idan gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa, wato kabon dayoksaid, ta fara taruwa, ko oksijin ya yi ƙasa, sai su ƙara wa numfashi sauri. In abin bai gyaru ba, su tashi mai barcin. Shi ya sa in bargo ya rufe miki fuska kike ture shi ba tare da kin san kin yi ba. Jariri ma haka yake yi: ya ja dogon numfashi, ya yi mutsu-mutsu, ya juya kai, ya tsala kuka. In duk wannan ya kasa, Allah Ya ajiye masa dabara ta ƙarshe, wata shessheƙa mai ƙarfi da ke sake tayar da zuciya da huhu.

Wasu jarirai ana haihuwarsu mai gadin nan nasu yana da rauni. Dokta Hannah Kinney ta asibitin yara na Boston ta shafe shekaru da dama tana duba gindin ƙwaƙwalwar jariran da suka rasu haka. Ita da abokan aikinta sun tarar da matsala a ƙwayoyin da ke aiki da wani sinadari mai suna serotonin. A binciken da suka fitar a 2010, sinadarin ya gaza da kashi 26 cikin 100 idan aka gwada da na jariran da suka rasu da sanannen dalili. Irin wannan yaro da rana ba a ganin komai a jikinsa: yana shan nono, yana dariya, yana ƙiba. Babu sikanin ko gwajin jinin da ake yi wa jariri mai rai a gane shi, a nan ko a Boston. Sai daren da ya shiga matsatsi cikin barci, mai gadin bai tashe shi ba, ya zarce shiru. In haka ta faru da ɗanki, to ba a yi kukan ba ma, balle a ce nauyin barci ya hana ki ji.

Na ce "in haka ta faru" da gangan. Likitoci ba sa rubuta SIDS sai an yi wa gawa cikakken bincike, mu kuma a nan kafin azahar an yi sutura an kai. Akwai wasu abubuwan da kan ɗauke jariri ba hayaniya: cutar da ta shiga jini ko huhu ta yi sauri, matsalar bugun zuciya da ake haihuwa da ita, wasu cututtukan gado. Don haka duk wanda ya tsaya ya ce miki "ga abin da ya kashe shi" da tabbaci, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa, kuma wannan ya haɗa da mai cewa danna ce.

A 1994 Kinney da wani likita, James Filiano, suka yi bayanin da har yau ake aiki da shi, kuma ni a kullum murhu yake tuna mini. Tukunya ba ta zama sai kan duwatsu uku. Dutse na farko raunin nan na ɓoye da aka haifi yaro da shi. Na biyu shekarunsa, wato watannin farko da jiki ke sauya tsarin numfashi da barci daga irin na cikin ciki zuwa na duniya. Na uku wani matsi daga waje a daren. Biyun farko ba hannun kowa a ciki. Na ukun ne gaskiyar da na ce ba ta da daɗi, don kin lissafa shi da kanki a wasiƙarki: kwanciyar rub da ciki, bargo, katifar manya, kasko. Jaririn da ya kifa fuska a wuri mai laushi yana sake shaƙar iskar da ya fitar, zafi na taruwa a jikinsa, barcinsa kuma ya fi nauyi. Dubban yara na kwana haka su tashi lafiya, domin mai gadinsu a farke yake. Wanda nasa ke da rauni shi abin ke ritsawa da shi.

Kada ki mai da wannan sabuwar bulalar dukan kanki. Har zuwa shekarun 1980, likitocin Turai da Amurka da kansu ke ce wa iyaye su kwantar da jarirai rub da ciki. Sai da bincike ya nuna musu kuskurensu, Ingila ta fara gangamin kwantar da jariri rigingine a 1991, Amurka a 1994, mutuwar ta ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Abin da masu digiri suka yi shekaru suna koyarwa bisa kuskure, ba za a ɗora wa yarinyar da ta bi maganar manyanta laifinsa ba.

Kaskon nan kuwa ina so ki ji tsoronsa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. Babba takan sa masa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, jariri kuwa ya fi saurin faɗuwa. Ita ce dai ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin gida. Lissafina ya nuna haihuwarki za ta sake faɗowa cikin hunturu. A ɗumama ɗakin da wuri in ana so, amma a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar 'yar kafa a taga.

Sai ɗiyarki ta fari. Ɗan tayi ba ya shaƙar iska, ta mabiyiya da cibiya yake samun oksijin. Amma tun wajen wata na uku yake gwajin motsa ƙirji kamar mai numfashi, kuma gindin ƙwaƙwalwar nan ne ke daidaita bugun zuciyarsa. A birnin Milan na Italiya, Luigi Matturri da Anna Lavezzi sun duba 'yan tayin da suka mutu a ƙarshen ciki ba tare da dalili ba, suka tarar a wasunsu sassan nan ba su gama ginuwa ba, irin abin da suka gani a jariran SIDS. Italiya har doka ta kafa a 2006 ta wajabta binciken irin waɗannan mace-mace, na jarirai da na cikin da ya wuce mako 25. To amma kada ki yi saurin ɗaure rashin nan biyu da igiya ɗaya. Kusan jarirai miliyan biyu ake haifa ba rai a duniya kowace shekara, Najeriya na cikin ƙasashe uku da suka fi yawa, kuma a wajenmu akasarin dalilan irin waɗanda awo ke kamawa ne: hawan jini da jijjiga, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ciwon suga, tunjere, rabuwar mabiyiya, doguwar naƙuda. Wabi suna ne da muka ba baƙin cikin da ya maimaitu, babu wata cuta mai wannan suna da ke zaune a jikin mace. Na ga matan da aka yi wa wannan laƙabi, aka gano hawan jini ne ko rashin jituwar jini, aka kula da su, yau suna aurar da 'ya'ya. Mafi yawan ƙannen da ake haifa bayan irin rashinki suna rayuwa su girma.

Ba ki ce mini kina zuwa awo ba. In ba ki fara ba, gobe ne. Mai tarihi irin naki babban asibiti ya kamata ta je, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha. Kada kunya ta sa ki ce "lafiya lau" ki karɓi kati ki fito. Ki buɗe baki ki ce: na haifi ɗaya ba rai a wata takwas, ɗaya ya rasu cikin barci a wata uku, ina so in ga likitan mata. A riƙa auna hawan jininki da fitsari duk zuwa, a duba yawan jini da suga da rukunin jini da tunjere, a yi sikanin ganin girman yaro. Ki karɓi maganin rigakafin maleriya na masu ciki, SP, wata-wata, aƙalla sau uku, ki sha na ƙarin jini, ki kwana cikin gidan sauro. In ke da maigidanki auren zumunci ne ki faɗa. Ba laifi ba ne, amma yana sa likita ya tuna da cututtukan gado ya duba jaririn da wuri.

Daga mako 28, wato nan da 'yan makonni, ki riƙa kwanciya ta gefe, dama ko hagu. Mai tsohon ciki in ta yi barci rigingine, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya, jinin da ke isa ga yaro ya ragu. In kin farka kin gan ki rigingine, ki juya kawai ki ci gaba da barcinki. Ki san yadda yaronki ya saba motsi. Ranar da motsin ya ragu ko ya sauya, ranar za ki asibiti, ko da dare ne, kada ki jira ranar awo. Masu cewa yaro na rage motsi in haihuwa ta matso ba daidai suke faɗa ba, kuma wannan magana ta jawo asarar da ba ta ƙirguwa. A asibiti za ki haihu in sha Allah, a fara tanadin kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun yanzu.

In ya iso, ke ta gefe, shi kuwa rigingine, duk barci, na dare da na rana. Za a ce miki zai shaƙe da tumbuɗi. A kwanciyar rigingine hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Ciwon ciki kuma gyatsa ce maganinsa: ki ɗora shi a kafaɗa bayan nono ki shafa bayansa. Rub da ciki sai yana farke kina kallonsa, yana ƙarfafa masa wuya. Wurin kwanciyarsa ya zama nasa shi kaɗai, shimfiɗaɗɗe mai tauri, a jikin gadonki inda hannunki zai kai, a ɗakinki aƙalla wata shida. Kafinta na iya haɗa miki ɗan gado da 'yar katifa mai tauri da ta cika shi. Gadajen nan na kayan barka masu laushi, da filo da tudu a gefe, kyau gare su a ido amma ba na barci ba ne. Maimakon bargo, ki ƙara masa riga ɗaya kan adadin da ke jikinki. In za ki rufa masa zane, ya tsaya a ƙirji, ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in da gumi ki rage kaya. Hula a kwanakin farko, ko ga bakwaini, ki bi abin da ma'aikatan jinya suka ce, don sanyi ma na kashe sabon haihuwa. Bayan nan kansa a buɗe yake barci.

Na san mai jego takan ɓingire tana shayarwa, babu wadda ta tsira daga wannan. Don haka kafin ki ɗauko shi ki kawar da filo da bargo daga inda kike, da kin farka ki mai da shi wurinsa. Kada ki shayar da shi da dare kan kujerar kushin, ta fi gado haɗari nesa ba kusa ba. Nonon kuwa ki riƙe shi da kyau, zalla har wata shida: shayarwa ta wata biyu ko fiye tana rage haɗarin nan da kusan rabi. A yi masa rigakafinsa kan lokaci. Hayaƙin taba shi ne babban abokin gaban gindin ƙwaƙwalwa, tun yaro na ciki yake yi masa illa, saboda haka mai shan taba ko shisha ya yi nesa da ke daga yau. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a yi su yaro ba ya ɗakin. Kada a sayo masa maganin mura ko na sa barci a kemis, wasunsu numfashin suke dannewa. In kin goya shi, kada hijabi ya rufe masa fuska.

Za ki riƙa tashi kina kallon ƙirjinsa, na sani. To ki san abin da kike kallo. Sabon jariri kan yi numfashi da sauri, ya ɗan tsaya daƙiƙa biyar zuwa goma, ya ci gaba. Wannan ba komai. Abin gudu asibiti shi ne tsayawar da ta kai daƙiƙa 20, leɓe ya yi shuɗi ko ya yi fari, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata biyu ba, ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ƙin kama nono, jiki ya saki, zazzaɓi ko sanyin jiki.

Maganar uwar mijinki, kada ki yi musu da ita, ba daga bakinki za ta karɓa ba. Ki ba maigidanki amsar nan ya karanta, ki roƙe shi ya raka ki awo ko sau ɗaya ya ji da kunnensa, shi ya san yadda zai zauna da Innarsa. Kina bukatarta a ɓangarenki, domin ita za ta riƙe yaron ranar da kike wankan jego, kuma in ba ta gamsu ba rub da ciki za ta kwantar da shi, da kyakkyawar niyya. In maganganun gidan sun ci gaba da hana ki sukuni, ki nemi izinin zuwa gida goyon ciki, ki haihu kusa da mahaifiyarki.

Rashin barcin nan ma ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi ciwon mara, ana taimaka wa mai shi, amma kada ki sha maganin barci da kanki. Ki samu mutum ɗaya, yayarki ko aminiya, wadda za ki riƙa ambaton sunan yaron nan a gabanta ki yi kukanki ba ta ce miki ya isa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙarami, hawaye ya zubar a gaban sahabbansa, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali.

Bayan awonki na gaba ki sake rubuto mini. Ki faɗa mini nawa hawan jininki ya nuna, me sikanin ya ce, da kuma ko maigidan ya raka ki.